Yadda Ake Fara Zamiyar Ƙanƙara da Takalmi Mai Tauri: Daga Sayen Kaya Zuwa Shiga Tsere

Tun da sanyi ya kama, 'yan'uwanmu da ke karatu da aiki a Ostiriya da Jamus da arewacin Italiya suke ta yi mini tambaya iri ɗaya: wannan siririn allon da ake kwantawa da shi a kwana kamar mai tseren babur, ta ina ake fara shi, kuma nawa zai ci? Na amsa wa mutum ɗaya-ɗaya har na ga gara in rubuta shi a wuri guda.

Abin da nake magana a kai shi ne allon zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato sinobod, amma ba mai faɗin nan da ake hawa da takalmi mai laushi ba. Wannan dogo ne, siriri, mai tauri. Takalminsa na roba ne mai ƙarfi, ana kuma maƙale shi a kan allon da maɗaurin ƙarfe. Aikinsa yanka ne: ka kafa kaifin gefen allon a cikin ƙanƙara, shi da kansa ya zana kwanar, ya bar layi ɗaya tak a bayanka kamar an ja da wuƙa. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne tsarin sayayya. Takalmi ne farko, shi zai faɗa maka faɗin allo, allo kuma ya faɗa maka yadda za ka tsaya. Duk wanda ya juya tsarin nan zai biya kuɗi sau biyu.

1. Kafin ka kashe ko sisi

Idan ba ka taɓa taka allon zamiya ba, kada ka fara da wannan. Je ka yi hayar allo na yau da kullum da takalmi mai laushi, ka biya malami na kwana biyu ko uku, har ka iya tsayawa inda kake so, ka iya kwana dama da hagu ba tare da faɗuwa ba. A nan ne kuma za ka gane ƙafar da za ta zauna a gaba. Hanya mai sauƙi ita ce ka sa safa ka yi gudu ka zame a kan tayil. Ƙafar da ta shige gaba da kanta, ita ce ta gaba.

Gargaɗi: nemi inshora kafin ka hau dutse. A Italiya, tun watan Janairun 2022 doka ta wajabta wa duk mai zamiya inshorar biyan diyya idan ya ji wa wani rauni, ana kuma iya sayenta tare da tikitin hawa kujerar da ke ɗaukar masu zamiya zuwa saman dutse. A Ostiriya kuwa, inshorar lafiya ta gwamnati ba ta ɗaukar cikakken kuɗin jirgi mai saukar ungulu idan shi ya kwaso ka daga filin wasa, kuɗin kuma dubban Yuro ne. Mutane da yawa suna shiga ƙungiyar masu hawan dutse ta Alpenverein saboda kuɗin shekararta ya haɗa da inshorar ceto.

2. Takalmi

A nan zan daɗe, domin a nan ake yin asara.

Ba a sayen wannan takalmin da lambar takalminka na zuwa ofis. Ana amfani da ma'aunin da ake kira Mondo, wato tsawon ƙafarka a santimita. Shimfiɗa takarda a jikin bango, taka ta, dunduniya ta taɓa bangon, ka ja layi a bakin yatsan da ya fi tsawo. Auna ƙafa biyun, da yamma, kana tsaye. Idan ka sami santimita 27.3, lambarka 27 ce. Kada ka ƙara ko ɗaya da sunan barin wuri.

Takalmin gida biyu ne: ɓawon roba na waje da kuma na ciki mai soso. Gwajin gaskiya shi ne ka zare na cikin, ka zura ƙafa a cikin ɓawon kawai, ka matsa gaba har yatsu su taɓa baki, sannan ka sa hannu a bayan dunduniya. Yatsa ɗaya zuwa biyu ya kamata su shiga, kimanin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu. Idan uku suka shiga, ajiye shi, ya yi maka yawa.

Na san wannan a jikina. Takalmina na farko na saye shi da lamba ɗaya fiye da ƙafata, don mai shagon ya ga ina yamutsa fuska ya ce in ɗauki wanda ya fi daɗi. A cikin shago kam ya yi daɗi. Bayan kwana huɗu soson ya kwanta, dunduniyata ta fara ɗagawa a kowace kwana, yatsuna suna dukan bakin takalmin. Ranar da na cire safa na ga farcen babban yatsa ya yi baƙi ƙirin, ƙwaurina kuma ya kumbura kamar an doke ni da sanda, na san kuɗin nan ya tafi. Sabon takalmi da ya dace yana matsewa idan kana tsaye, amma da ka lanƙwasa gwiwa ka jingina ƙwauri a gaba, sai yatsu su ja baya kaɗan su sami sarari.

Sunayen da za ka ci karo da su ba su da yawa: Deeluxe, UPZ, da Mountain Slope. Kowanne da irin ƙafar da yake karɓa. An san UPZ da kama dunduniya sosai da gajeren tafi, abin da ke taimakon mai babbar ƙafa. Mai fara koyo ya nemi samfurin da ya fi laushi, ba na 'yan tsere ba, domin takalmin da ba ka iya lanƙwasawa zai hana ka durƙusawa. Idan da hali, sayi na ciki irin wanda ake gasawa a shago a ɗaura maka shi da ɗuminsa ya ɗauki siffar ƙafarka, kamar na Intuition ko Palau. Ga masu faffaɗar ƙafa, kuma da yawanmu haka muke, mai gyaran takalmi yana iya ɗumama ɓawon ya buɗa shi daidai inda ƙashi yake gogawa.

Gargaɗi: kada wani ya ce maka takalmin masu allo biyu da sanduna zai wadatar. Tafinsa ya fi tsawo, kuma ba a yi shi don ya lanƙwasa yadda wannan wasan yake buƙata ba. Sannan safa ɗaya tak, siririya, doguwa har gwiwa. Safa biyu ba sa ƙara ɗumi, matse jijiya suke yi ƙafar ta daskare.

3. Allo

Abu uku ake dubawa: tsawo, faɗin ƙugu, da lanƙwasar gefe. Idan ka kalli allon daga sama za ka ga hanci da wutsiya sun fi tsakiya faɗi. Wannan lanƙwasar yanki ce ta wata babbar da'ira, ana kuma rubuta girmanta a mita. Ƙaramar lamba, matsattsiyar kwana. Babbar lamba, doguwar kwana mai buƙatar gudu da fili.

Allon gajeren tsere, wato mai matsattsun kwanoni, yana kai santimita 155 zuwa 165, kwanarsa kimanin mita 9 zuwa 12. Allon dogon tsere na maza, wato mai dogayen kwanoni, yana kai 180 zuwa 185, kwanarsa tana dosar mita 20, kuma ba ya fara aiki sai gudu ya kai inda sabon shiga ba zai so ba. Tsakaninsu akwai allon yankan nishaɗi, kimanin 163 zuwa 175, mai kwanar mita 10 zuwa 13. Ko wannan ko allon gajeren tsere mai ɗan laushi, cikinsu za ka zaɓa. Duba nauyin jikin da kamfani ya rubuta wa kowane allo, domin nauyinka ne ke lanƙwasa shi, ba tsayinka ba.

Ƙugun yawanci yana tsakanin santimita 18 da 21. Mai ƙafa 28 ko sama da haka ya nemi 20 ko 21, in ba haka ba dole ya karkata ƙafafunsa gaba fiye da kima.

A cikin kamfanonin da ke ƙera allon, Kessler da Oxess na Suwizalan ne, SG na Ostiriya, akwai F2 wanda ya fi araha, akwai Donek a Amurka da Coiler a Kanada. Alluna na zamani suna da siririn falle na ƙarfe a ciki wanda ke shanye girgiza, shi ya sa suke riƙe daskararriyar ƙanƙara fiye da tsofaffi.

Gargaɗi ga mai sayen na hannu: kada arha ta ja ka zuwa tsohon allon ɗan tsere mai 185. Ɗora allon a shimfiɗaɗɗen daɓe mai tauri ka ga ko tsakiyarsa tana ɗagawa. Idan ta kwanta shamɓal, ya gaji. Bi gefensa da farce ka nemi inda fallayen suka fara rabuwa, ka duba ko kaifin ƙarfen ya sirance saboda yawan wasawa, ka kuma gwada kusa a kowane rami.

4. Maɗauri

Iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe a baya da maɓalli a gaba wanda kake sunkuyawa ka danna da hannu. Akwai kuma tsarin Intec, inda kake taka dunduniya ta kulle da kanta, ka ja wata waya a gefen takalmi ta buɗe. Na biyun ya fi sauƙi a wurin shiga da fita, amma ya fi tauri, kuma sai ka sayi dunduniyarsa daban ka ɗaura wa takalmin. Ni ina ba sabon shiga shawarar na farkon, irin F2 Race Titanium, don yana da ɗan sassauci. Farantan da 'yan tsere ke sa wa tsakanin allo da maɗauri, irin Allflex, ka manta da su a yanzu.

5. Lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa, amma ga kimanin abin da za ka tarar. Sabon takalmi daga Yuro 500 zuwa kusan 1000. Sabon allo daga 600, manyan sunaye kuma sama da 1000. Maɗauri 200 zuwa 400. Ƙara hular kwano, da tabarau, da safar hannu mai kauri, da sulken baya. Tikitin yini a manyan wuraren Ostiriya ya haura Yuro 60, ƙananan tsaunuka kuwa sun fi sauƙi, kuma su suka fi dacewa da kai.

Kasuwar na hannu tana rage kusan rabi. A Ostiriya ana duba Willhaben, a Jamus Kleinanzeigen, a Italiya Subito, a Suwizalan Ricardo. Rubuta kalmar Raceboard ko Hardboots a wurin nema. Ƙarshen kakar zamiya, wajen Maris da Afrilu, kaya sun fi faɗuwa. Idan kuɗin bai kai ba, zuba shi a takalmi, ka sayi allo da maɗauri na hannu. Hular kwano kuwa sabuwa, don ba ka san irin dukan da tsohuwa ta sha ba.

6. Ɗaura maɗauri a kan allo

Kayan aiki: sukudireba ko makullin da ya dace da kusoshin, tef na awo, da ɗan littafin da za ka riƙa rubuta kowane canji.

Fara da tazarar ƙafafu. Auna tsawon ƙafarka ta ciki daga ƙasa zuwa matsematsi, ka ninka da 0.6. Mai santimita 82 zai sami kimanin 49, daga tsakiyar maɗauri zuwa tsakiyar ɗaya. Raba tazarar daidai a kan ramukan da kamfani ya yi wa alama.

Sai karkata. A wannan allon ƙafafu biyu duk suna duban gaba. Fara da digiri 55 a gaba, 50 a baya. Amma alƙalin gaskiya shi ne gefen allon: sa takalmi a maɗauri, ka kalla daga sama. Bakin yatsu da dunduniya su zo daidai kan kaifi, kada su leƙa waje. Idan sun leƙa, ƙara digiri. Idan sun shige ciki da nisa, rage. Takalmin da ya leƙa zai taɓa ƙanƙara a tsakiyar kwana, ya ɗage kaifin, allon ya suɓuce maka ba sallama.

Daga nan sai 'yan guntayen roba da ke zuwa tare da maɗauri, waɗanda ake sa wa a ƙarƙashinsa. Ɗaga yatsun ƙafar gaba kaɗan, ka ɗaga dunduniyar ta baya, kimanin digiri 3. Gwada a kan kafet: idan ka tsaya gwiwoyi a sake, ba inda ke ja, ka dace.

Gargaɗi, kuma wannan shi ne mafi girma: maɗaurin nan ba ya sakin ƙafa idan ka faɗi, haka aka yi shi. Haɗarin shi ne ƙafa ɗaya ta kuɓuce ɗaya ta zauna, allon ya murɗe gwiwa. Don haka maɓallin gaba ya kasance sai ka danna da tafin hannu da ƙarfi kafin ya rufe. Kankare ƙanƙarar da ta manne a tafin takalmi kafin ka taka. Ɗaure kusoshi kowace safiya. Kada ka sa kusar da ta fi ta asali tsawo, za ta turo cikin allon ta ƙasa. Idan za ka canza wani abu, canza ɗaya kawai, ka hau sau biyu ko uku, sannan ka taɓa na gaba.

7. Ranar farko a kan dutse

A Turai ana yi wa gangara alama da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi mai tsanani. Kai da shuɗi, mai faɗi, wanda ba jama'a. Kasance a bakin kujerar hawa kafin a buɗe. Da daddare injina suke daidaita dusar su bar ta da ƙananan layuka kamar an taje ta, kuma awa biyun farko su ne rabonka. Da rana ta ɗaga sai ƙafafu su tattake ta ta zama tudu da kwari.

Kada ka sa rigar auduga a ciki, tana riƙe gumi ta sanyaya jiki. Iskar saman dutse tana fasa leɓe fiye da hunturun Kano, man kaɗanya yana maganinta. Rana kuma tana dawowa daga farar ƙanƙara ta doki ido, kada ka cire tabarau.

Tsayuwa: gwiwoyi a lanƙwashe, ƙwauri a jingine da harshen takalmi, ƙirji da ƙugu suna duban inda yatsun ƙafafu suka dosa, hannaye a gaba inda kake ganinsu. Mafi yawan takalman suna da maɓalli a baya na tafiya da na hawa. Duba shi kafin ka sauka.

8. Koyon yanka

Darasi na farko kwana ɗaya ce. Saki allon ya gangara kai tsaye 'yan mitoci, sannan ka karkata shi kaɗan zuwa gefen yatsu ta hanyar danna gwiwoyi. Kada ka juya shi. Jira. Za ka ji wani abu ya kama a ƙarƙashinka, allon ya fara zagaya da kansa har ya fuskanci sama ya tsaya. Waiwaya ka dubi sawunka. Idan layi ne siriri kamar na fensir, ka yanka. Idan faffaɗa ne kamar an yi shara, ka ture wutsiya da ƙafar baya. Maimaita a gefen dunduniya.

Karon farko da na ga layina a siririnsa, a wata gangara da ba kowa sai ni da ƙarar kaifin, na tsaya na daɗe ina kallonsa. Har yau da shi nake auna kowace rana.

Gefen dunduniya ne ke ba kowa wahala. Jiki yana so ya zauna kamar a kan kujera, ɗuwawu ya fita waje, kafaɗa ta buɗe, hannun baya ya koma baya. Nan take kaifin zai fara karkarwa ya suɓuce. Maganinsa shi ne ka kai hannun baya zuwa gwiwar gaba, ka kuma juya kai ka dubi can ƙarshen kwanar ta saman kafaɗarka. Ƙugu zai biyo ya zauna a kan kaifin.

Da ka mallaki gefe biyun, haɗa su. Ana sauya kaifi ne lokacin da allon yake ratsa gangarar a kwance, kafin hanci ya dubi ƙasa. Shiga kwana da nauyi kaɗan a ƙafar gaba, ka fita da shi a tsakiya. Birkinka shi ne cika kwana: zagaya har allon ya ɗan fuskanci sama, gudu zai ragu da kansa. Wanda yake yanke kwana a rabi, gudu zai taru masa har abin ya fi ƙarfinsa.

Kada ka miƙa hannu don taɓa ƙanƙara saboda ka ga ana yi a bidiyo. Miƙa hannu yana karya ƙugu ya kwantar da allon, kuma haka ake karya yatsa da goce kafaɗa. Karkata allon, ka bar kafaɗu a daidaice, ƙasa za ta zo ta same ka.

Gargaɗi: mai yanka yana ratsa gangara daga gefe zuwa gefe, masu allo biyu kuma suna saukowa kai tsaye ba su zaci za ka dawo gabansu ba. Ƙa'idojin FIS, hukumar wasannin zamiya ta duniya, sun ɗora wa na sama alhakin kauce wa na ƙasa, amma ƙa'ida ba ta ɗaure karaya. Dubi saman gangara kafin ka tashi, ka bar ayari ya wuce, ka kuma riƙa leƙawa a kowace kwanar gefen yatsu. Da cinya ta fara rawa, sauka ka huta.

9. Kula da kaifi

Goge allon da tsumma bayan kowace rana don kada kaifi ya yi tsatsa. Ana wasa gefe da magagari da madaidaicin kusurwa, digiri 88 ya wadatar, daga hanci zuwa wutsiya. Kusurwar ƙasa, rabin digiri zuwa ɗaya, bar wa shago. Bayan kwana uku ko huɗu na hawa, narka kaki da dutsen guga, ba na kayan sawa ba. Idan ya yi hayaƙi zafin ya yi yawa, kada kuma ka tsayar da shi wuri ɗaya. Bari ya huce, ka kankare da falle na roba, ka goge da buroshi. Ƙarshen kakar zamiya, shafa kaki mai kauri ka bar shi, ka zare na cikin takalmi ya bushe, ka rufe maɓallan ɓawon don kada ya buɗe.

10. Shiga tsere

Idan kana iya yanka a jar gangara ba tare da shara ba, lokaci ya yi. Tseren na mutum biyu ne kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a layin jajayen tutoci, ɗaya a na shuɗɗa. A manyan gasanni ana fara da zagayen tantancewa da agogo, mutum 16 su wuce, daga nan wanda aka kayar ya fita. Dogon nau'in yana cikin wasannin Olamfik tun 2002, shi ne wanda Ester Ledecká ta Jamhuriyar Cek ta ci a 2018 da 2022, Benjamin Karl na Ostiriya kuma ya ci na maza a 2022. Idan kana kusa da Carezza a Italiya, ko Bad Gastein a Ostiriya, ko Rogla a Sulobeniya, je ka kalli gasar kofin duniya da idonka, ka tsaya a gefen tuta ɗaya ka lura da inda suke fara kwana.

Hanyar shiga ita ce kulob na garin da kake. Ta nan ake samun horo da tutoci da lasisin hukumar ƙasa, akwai kuma rukunin manya ga wanda ya fara da girma. Tutar mai kusurwa uku ce, da dogon sanda a waje da gajere a ciki, allonka kuma zai zagaya ta bayan gajeren. Kafin tsere ana ba da lokacin duba layi: sauka a hankali a gefe, ka haddace inda gangara ta karye da inda tazarar tutoci ta canza.

Kuskuren kowane sabon ɗan tsere shi ne dosar tuta kai tsaye, sai ya isa sannan ya fara kwana. Zai makara, makarar kuma tana ƙaruwa daga tuta zuwa tuta har ya fita daga layi. Fara kwanar tun kana sama da tutar, ta yadda lokacin da za ka wuce ta ka kusa gamawa, idonka kuma yana kan ta gaba. Kada ka kalli abokin karawarka. A tserenka na farko yi amfani da allon da ka saba da shi, ka wasa kaifinsa tun daren jiya, ka zo da ƙarin riga da za ka bari a wurin tashi, domin jiran lamba a saman dutse ya fi tseren kansa tsawo.